Abin da horon kare yara ya koya mini a aikin sikawut

Duk babban da ya sa kansa aikin sikawut yana zuwa ne da abin da yake ganin zai koyar: ƙullin igiya, kafa tanti, karanta taswira, taimakon gaggawa. Amma kafin a bari ya tsaya gaban yara, shi za a fara zaunarwa. Zai cika takarda, ya kawo waɗanda za su tsaya masa, a binciki tarihinsa, sannan ya yi horon kare yara. A nan ne ran wasu yake fara ɓaci. Mutum ya zo don Allah, ba albashi ba alawus, sai a tarbe shi da tambayoyi. Na ga dattijo mai jikoki ya ajiye biro ya ce wa mai horar da mu, "Malama, ni za ki koya wa riƙon yaro?"

Amsar da ta ba shi a takaice ce. Ta ce, "Baba, ba riƙon yaro zan koya maka ba. So nake ranar da wani ya saɓa ƙa'ida a gabanka, ka gane cewa ya saɓa."

Ƙa'idar da komai yake rataye a kanta ita ce babba ba ya keɓewa da yaro. A ƙungiyar sikawut ta Amurka, dole a samu manya biyu masu rajista, kowannensu ɗan shekara 21 ko sama, a duk wani taro ko fita, kuma in akwai 'yan mata a cikin rukunin dole a samu babbar mace. Babba ba ya kwana a tantin yara. Yaran da za su kwana tanti ɗaya kada tazarar shekarunsu ta wuce 2. Ko saƙon waya ba a tura wa yaro shi kaɗai, sai an haɗa da mahaifinsa ko wani babban. In akwai maganar da ta kamata a yi da yaro a asirce, a ja shi gefe inda ba a jin su amma ana ganin su. A Birtaniya kuma kowane babba ana ba shi wani ɗan kati mai ruwan ɗorawa, wanda aka rubuta abin da zai yi da abin da ba zai yi ba, har da cewa duk wani zargi ko damuwa a kai rahotonsa cikin awa 24.

Da farko mutum yakan ɗauka an yi waɗannan dokoki ne don miyagu, shi kuwa an haɗa da shi ne kawai don a cika sharaɗi. Abin da na fahimta daga baya, kuma shi ne babban darasin da na samu, dokar an yi ta ne don mutanen kirki su bi, domin bin da suke yi shi ne yake tona wanda ba ya bi. Mugu ba shi da kama. Mai lalata da yara ba ya zuwa da fuskar da za a gane shi. Sau da yawa shi ne mai fara'a, mai zuwa da wuri, mai tafiya a ƙarshe, wanda iyaye suke yi wa godiya saboda yana ɗaukar nauyin yaron da ba shi da uba a kusa. Jarinsa ke nan, yarda. To idan aka ce dokar ba ta hau kan wanda aka yarda da shi ba, an cire daidai mutumin da aka yi dokar dominsa. Amma idan kowa yana bi, daga shugaban rukuni har sabon shiga, ranar da wani ya ce wa yaro "zo mu je ka taya ni ɗauko kaya a mota," kowa zai ji abin ya yi masa banbaraƙwai.

Wannan ba zato ba ne, tarihi ne ya koyar da shi da tsada. Tun daga 1907, lokacin da Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, ya kai yara kimanin 20 sansani a tsibirin Brownsea a Ingila, ƙarfin sikawut shi ne a fitar da yaro daga gida, a kai shi daji, ya kwana nesa da iyayensa, ya koyi tsayawa da ƙafarsa a ƙarƙashin babban da yake girmamawa. Wannan alherin kuma shi ne abin da mugu yake nema. A Amurka ƙungiyar ta daɗe tana ajiye fayilolin sirri na manyan da ta kora bisa zargi. A 2012 Kotun Ƙolin jihar Oregon ta ba da umarni aka saki kimanin 1,200 daga cikinsu, na tsakanin 1965 da 1985. Abin da ya fi ci mini rai a cikinsu shi ne yadda sau da yawa ake sallamar mutum a ɓoye, ba a sanar da 'yan sanda ba, don a rufa wa ƙungiya asiri, wasu ma su sake ɓullowa a wani rukunin. A Fabrairun 2020 ƙungiyar ta shiga kotu ta ayyana karayar arziki, mutane fiye da 82,000 suka shigar da ƙorafin cewa an ci zarafinsu suna yara, kuma a 2022 alƙali ya amince da yarjejeniyar diyya ta fiye da dala biliyan 2.4. Yawancin masu ƙorafin sun riga sun manyanta. Shekaru suka yi suna ɗauke da abin a ciki ba su faɗa wa kowa ba. Ita ma ƙungiyar sikawut ta duniya, a babban taronta na 2017 a Baku, ta amince da manufa guda ta kare yara daga cutarwa wadda ake son kowace ƙasa ta yi aiki da ita.

Binciken tarihi yana da amfani, sai dai yana kama wanda aka taɓa kamawa ne kawai. Wanda bai taɓa shiga hannu ba takardarsa fes take fitowa.

Sashen horon da ya fi zama mini a rai shi ne na yadda ake sauraron yaro. Malamar ta zauna a kujera kamar yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, tana wasa da bakin rigarta, ta ce wa ɗayanmu, "Malam, zan gaya maka wata magana, amma ka yi alkawari ba za ka gaya wa kowa ba." Duk mai tausayi bakinsa zai yi saurin cewa na yi alkawari. Ba a yi. Abin da ake cewa shi ne, "Ina jin ka, kuma na gode da ka zo wurina. Amma in wani yana cutar da kai, dole in gaya wa wanda zai taimake ka, kuma zan faɗa maka wa zan gaya wa." Daga nan sai ka yi shiru ka bar shi ya yi magana. Ba za ka zaro ido ba, ba za ka yi salati da ƙarfi ba, domin yaro yana karanta fuskarka, da ya ga ka firgita zai haɗiye sauran. Ba za ka sa masa magana a baki ba, irin "wane ne, ko Malam wane ne?" Ba za ka ce "me ya sa ba ka faɗa tuntuni ba?" In ya gama, ka rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, da rana da lokaci, ka kai wa wanda aka ɗora wa alhakin, in kuma yaron yana cikin haɗari a lokacin, hukuma za a fara kira. Bincike ba aikinka ba ne, tunkarar wanda ake zargi ma ba aikinka ba ne.

An kuma ja kunnenmu cewa ba daga manya kaɗai cutarwa take zuwa ba. Babban yaro yana iya zaluntar ƙarami, musamman da dare ko a wurin wanka, ko da sunan "wasan maraba da sabon shiga." Shi ya sa aka hana duk wata al'adar sirri a cikin rukuni.

Inda horon yake gwada mutum da gaske ba a ɗakin jarrabawa ba ne. An tashi daga taro, duhu ya fara, yaro ɗaya ya rage mahaifinsa bai iso ba. Abokin aikinka, mutumin da ka sani da mutunci, ya ce, "Kai tafi abinka, gidansu a hanyata yake, zan sauke shi." Gajiya tana cewa ka tafi, kunya tana cewa kada ka nuna masa kamar ba ka yarda da shi ba. Sai dai ka ce, "A'a, mu jira tare," ku kira mahaifin, ku zauna ku uku a inda akwai haske har ya zo. Babu abin da ya faru, kuma mai yiwuwa da ka tafi ma babu abin da zai faru. Amma yaron ya ga cewa ko wanda aka fi yarda da shi ba ya tafiya da yaro shi kaɗai. Shi ma abokin naka ka kare shi daga zargin da ba zai samu mai yi masa shaida ba.

Wahalar da ta fi wannan ita ce kai rahoton ƙaramin abu: babba yana yawan ba yaro ɗaya kyauta, ko yana tura masa saƙo da dare. Ba laifi ka gani ba, saɓa ƙa'ida ka gani, kuma zuciya tana cewa kada ka ɓata wa bawan Allah suna. Ni dai na tsaya a kan cewa a faɗa. Mai karɓar rahoto wataƙila ya riga ya ji makamancin haka daga wani, kai kuwa ɓangare ɗaya kawai ka gani. Saboda irin wannan ne ake sa a maimaita horon bayan 'yan shekaru, domin sabo yana sa ido ya daina gani.

Yanzu a farkon kowane zango muna tara iyaye da yaran, mu karanta musu ƙa'idojin da suka hau kanmu mu manya, ɗaya bayan ɗaya, mu ba su lambar wanda za su kira in sun ga ɗayanmu ya saɓa, mu kuma gaya musu a fili cewa har da shugaban rukunin.