Abin da ya rage wa South Park dariya

Masu bin South Park, shirin katun na barkwanci a talabijin, tun farkonsa sun daɗe suna ƙorafi ɗaya: shirin ya yi nauyi, ɗacinsa ya ƙaru, dariyar ta ragu. Ƙorafin gaskiya ne, amma da yawa suna ɗora laifin a kan mugunta da rashin tausayi da ke cikin labaran. A ganina ba nan matsalar take ba. Mugunta tana cikin shirin tun yana sabo. Abin da ya canja shi ne ginin labarin.

An fara nuna shi ranar 13 ga Agusta, 1997 a tashar Comedy Central ta Amurka. Trey Parker da Matt Stone ne suka ƙirƙire shi, a kan yara huɗu 'yan firamare, Stan, Kyle, Cartman da Kenny, a wani ƙaramin gari na jihar Kolorado. Iyaye su lura, kasancewarsa katun bai sa ya zama na yara ba. Na manya ne, cike da ashar da batsa, kuma ya sha taɓa addinai.

Tsohon tsarin mai sauƙi ne. Kowane kashi yana ɗaukar kusan minti 22, ya buɗe rigimarsa, ya rufe ta, mako mai zuwa kowa ya koma inda yake. A zanguna biyar na farko (zango shi ne jerin kashin da ake nunawa a shekara) Kenny yana mutuwa a kusan kowane kashi, ya dawo lafiya lau ba tare da bayani ba. Kamar Gizo a tatsuniya ne, yau ya sha duka, gobe ya fito da sabuwar dabara, ba mai tambayar raunin jiya. Wannan shi ke ba mai kallo damar yin dariya a kan abin da a zahiri abin tsoro ne. A 2001 Cartman ya shirya makircin da ya kai ga mutuwar iyayen wani yaro, ya kuma ciyar da shi namansu. Da wuya a sami abin da ya fi wannan muni a tarihin shirin, amma masu kallo suna lissafa kashin cikin mafi ban dariya, domin sun san ba za a ɗora musu nauyinsa zuwa mako na gaba ba.

A watan Yuni na 2011 aka ga alamar farko. Stan ya cika shekara 10, komai ya fita ransa, abokansa suka guje shi, iyayensa suka rabu, aka rufe kashin babu raha ko ɗaya. Kashin ya yi kyau matuƙa, kuma ya yi tasiri ne saboda ba a saba ba. Da aka dawo a watan Oktoba sai aka mayar da iyayen gida ɗaya.

Sai a duba yadda ake haɗa shirin, don a nan ɓarakar take. A wancan zamanin ana yin kowane kashi cikin kwana shida: a fara rubutu ranar Alhamis, a ɗauki muryoyi, a zana a kwamfuta, a miƙa wa tashar ranar Laraba, sau da yawa saura 'yan sa'o'i a nuna. Wannan gaggawa ce ta ba su damar tsokaci a kan labarin da ke tashe a makon. Ta dace da labarin da zai ƙare a zama ɗaya. Ba ta dace da labarin da za a ja har kashi 10 ba, domin dogon labari yana bukatar a san ƙarshensa kafin a fara.

Tun 2014 suka fara ɗaura kashi da kashi, a 2016, zango na 20, suka mayar da shi labari guda. Lissafin kansa ya nuna matsalar. Akwai mahaifin Kyle da ke cin zarafin mutane a intanet da sunan ɓoye, da takarar shugaban ƙasa ta Malam Garrison, malamin yaran, wanda aka kwaikwayi Donald Trump da shi, da wasu 'ya'yan itace masu tuna wa mutane zamanin da, da soyayyar Cartman da Heidi, 'yar makarantarsu. Raba minti 22 gida huɗu, kowanne bai kai minti 6 ba, kuma sai an ci wani abu daga ciki wajen tuna wa mai kallo inda aka tsaya. Babu filin gina sabuwar raha, sai a maimaita ta makon jiya har ta gundura. Sannan an gina zangon bisa zaton Hillary Clinton za ta ci zaɓe. Donald Trump ya ci ranar Talata 8 ga Nuwamba, dole aka sake rubuta kashin da za a nuna washegari, sauran labarin kuma ya rasa alƙibla.

Babbar hasarar ita ce yanzu ciwo yana taruwa. A zango na 21, a 2017, Cartman ya yi ta juya Heidi, yana ɗora mata laifi, yana barazanar kashe kansa idan ta bar shi, har ta koma mai irin halinsa. Bai kai abin da ya yi a 2001 muni ba, amma an ɗauki makonni ana kallon yarinya tana lalacewa, kuma wannan ba ya sa dariya ko da an rubuta shi da kyau.

Daga baya suka sassauta tsarin, sai wata matsala ta shigo. A 2018 Randy, mahaifin Stan, ya kwashe iyalinsa zuwa gonar wiwi, labarai da yawa suka koma kansa. Yaro ɗan shekara 10 idan ya fahimci duniya a karkace akwai dariya a ciki. Magidanci mai son kansa da ke jefa matarsa da 'ya'yansa cikin wahala kuwa tausayi yake jawowa. Ga shi adadin ya ragu: kashi 14 a shekara daga 2004 zuwa 2012, ya koma 10 daga 2013, ya koma 6 a 2022 da 2023. Idan biyu cikin shida suka tafi gonar Randy, kashi huɗu kawai suka rage wa yaran da aka gina shirin a kansu.