Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Daren da Na Kwana Ina Rabaran

A makon jiya na tsaya a inda Alhaji ya kira ni ina hanyar kai fasinja filin jirgin LaGuardia na birnin New York, ya ce in na tashi aiki in biyo ta gidansa, maganar ba ta waya ba ce. Waɗanda suke tare da mu tun kashi na huɗu sun san matsayin Alhaji a wurina. Shi ne ɗan Zangon Kumasin da ya ba ni katifa a falonsa a Bronx har wata takwas, lokacin da ban san gabas ba ban san yamma ba. Mutumin da ya yi maka haka, in ya ce zo, ba ka tambayar dalili.

Alhamis ce, 22 ga Yuni 2023, saura kwana shida Babbar Sallah. Na same shi da takarda a gabansa yana kallon ta kamar sammaci.

"Malam, zauna. Auren 'yarka ne ya zo da gardama."

Tun farkon watan Mayu yarinyar da angonta, wani yaro mai hankali ɗan Maraɗi, suka je ofishin magatakardan birni suka biya dala 35 aka ba su lasisin aure. A Jihar New York wannan takarda sai ta kwana ɗaya cur, awa 24, kafin a yi aiki da ita, kuma kwana 60 ne ranta. An sa rana ƙarshen Mayu, sai mahaifin ango ya rasu, aka ɗaga zuwa Asabar ɗin bayan Sallah, 1 ga Yuli. Ba wanda ya tuna cewa Liman da na'ibinsa duka suna cikin maniyyata. Liman kuwa shi kaɗai ne a masallacinmu mai rajista da hukumar birni, domin a birnin New York duk mai ɗaura aure sai sunansa yana littafin magatakarda kafin ya sa hannu a takardar. Kafin ya dawo lasisi ya mutu, kakar amarya da aka ɗauko daga Kumasi ta koma, kuɗin zauren biki sun bi ruwa.

Na ce to su je ofishin a ɗaura musu na hukuma, mu kuma mu yi fatiharmu a masallaci. Alhaji ya dube ni kamar na zage shi.

"'Yata ta fari? A bi layi da ita a kotu kamar mai karɓar lambar mota? Kai ne kake jan mu salla in ba Liman. Kai za ka ɗaura, kai za ka sa hannu."

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya yi fari. Karatuna na zaure ne, a Fagge, kuma na wuce babin nikahi tun ina saurayi. Na san waliyyi, na san sadaki, na san shaidu biyu da siga. Amma a gida ko kaza ba a taɓa miƙo mini in yanka a taro ba, manya sun yi yawa. Sai ga shi a Amurka direban tasi ya zama abin nema.

Ƙanen amarya ne ya shigo da kwamfutarsa. Haifaffen nan ne, Hausarsa duk ta karairaye. Ya ce, "Kawu, abu mai sauƙi. Minti biyar." Ya tambaye ni cikakken suna, adireshin imel, jihar da nake, da ko na haura shekara 18. Ni kuma ina ta amsawa ina kurɓar shayi, na ɗauka takardar gwamnati yake cikewa. Shayin bai huce ba wayata ta yi ƙara. Ya karɓa ya karanta, ya tuntsire da dariya.

"Kawu, barka! Ka zama Rabaran."

Na ce na zama me?

Ashe shafin wata coci mai suna Universal Life Church ya shiga. Wani mutum mai suna Kirby Hensley ne ya kafa ta a garin Modesto na Kalifoniya, aka yi mata rajista a 1962. Aƙidarta ba ta wuce jimla ɗaya ba, wai mutum ya aikata abin da yake daidai. Ba ruwansu da addininka, ko kana da shi ko ba ka da shi. Da can ta gidan waya suke naɗa mutane, yanzu ta intanet, kuma naɗin kyauta ne. Inda suke cin abinci shi ne takardun shaida da za ka saya ka kai wa magatakarda, ka ƙara dala 15 ta rajista. Amurkawa da yawa haka suke yi in suna so aboki ko ƙanwa ta ɗaura musu aure, tunda tsarin ƙasar ya hana gwamnati ta zauna tana tantance wane ne malamin addini na gaske. Ƙofar da aka bari a buɗe saboda 'yancin addini, ta nan kowa yake shiga da takalminsa.

Alhaji ya ce, "To ai shi ke nan, takarda ce kawai." Ni kuwa shayin ya fita raina.

Da na isa gida na yi kuskuren gaya wa uwargida. Ta ajiye ludayi ta dafa bango tana dariya har da hawaye. "To Rabaran, a zubo tuwon ne ko sai an tashi daga majami'a?" Har yau in muka yi saɓani da wannan sunan take rufe mini baki.

Daren nan barci ya ƙaurace mini. Na riƙa tuna yadda ake zama mai ɗaura aure a unguwarmu. Ba ranar da za ka nuna ka ce yau aka naɗa wane. Shekaru ne mutane suke ganin ka a sahun gaba, suna kawo maka rabon gado da rikicin miji da mata, har wata rana a ce a kira Malam wane ya ɗaura. Ba shi da takarda ko ɗaya, amma duk garin shaidarsa ne. Ni kuma ga ni da takarda mai hatimin zinariya a waya, daga mutanen da ba su taɓa jin muryata ba.

Da safe a wurin shan mai na haɗu da wani abokin aikina Kirista, mutumin Kagoro. Na nuna masa, ina zaton zai yi mini maraba da shigowa. Sai ya ɓata rai. Ya ce yayansa shekara huɗu ya yi a kwalejin tauhidi ta Bukuru, ya kuma yi wasu shekarun yana hidima a ƙauye kafin a ɗora masa hannu. "Malam, wannan ko mu ba ma kiran ta coci." Ya ƙara mini da wata: kotunan jihar nan kansu ba su daidaita a kan irin wannan naɗi ba, har a 1989 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce auren da irin wannan Rabaran ya ɗaura bai ɗauru ba, daga baya wata ta saɓa mata. Na ce wato bayan zunubi har da jidali.

Bayan Juma'a na samu Liman ta WhatsApp. Su a Makka dare ya yi, awa bakwai ce tsakaninmu, ina jin hayaniyar alhazai a bayansa. Na ce, "Allah gafarta Malam, na yi ɓarna," na kwashe duka na gaya masa. Ya yi shiru, sannan na ji yana ƙoƙarin danne dariya.

"Ka yi imani da abin da suka yi imani da shi?"

"Allah gafarta Malam, ai ba su da abin da za a yi imanin da shi."

"To musuluncinka yana nan, kwantar da hankalinka. Amma a takardar akwai gurbin da mai ɗaurawa yake rubuta muƙaminsa. Me za ka rubuta? Auren 'yar mutane za ka fara da sunan da kai ma ka san ba naka ba ne?"

Ban da amsa. Ya ce in yi istigfari in rubuta musu su cire sunana, in kuma tambayi yaran, ya ji ana maganar wata sabuwar doka kafin ya taso.

Amaryar ce ta binciko. Ma'aikaciyar jinya ce, ba ta wasa da takarda. Ashe tun 28 ga Maris na shekarar doka ta fara aiki, wadda Gwamna Kathy Hochul ta sa wa hannu: duk wanda ya kai shekara 18 zai iya neman izinin ɗaura aure na rana ɗaya, na wasu ango da amarya takamaimai, a kan dala 25. Ba coci, ba muƙami. Da an shafa fatiha izinin ya ƙare, ka koma direbanka. Wata uku da wannan hanya a buɗe, mu muna can muna zama Rabaran.

Ranar Litinin na ajiye mota na hau jirgin ƙasa mai lamba 4 zuwa Manhattan, na taka zuwa lamba 141 a titin Worth. Wurin cike da amare, wata da farar riga har ƙasa, wata da wandon jins da furanni a hannu, masu hoto suna ta farautar ciniki a bakin ƙofa. Na ba da sunayen yaran daidai da yadda suke a lasisinsu, na nuna katin shaida, na biya. Matar da ta sallame ni ta ja mini kunne a kan abu uku. A mayar da takardar cikin kwana biyar bayan ɗaurin aure. A samu shaida aƙalla ɗaya ya sa hannu. Sannan ango da amarya su tsaya a gabana, kowanne ya faɗa da bakinsa cewa ya karɓi ɗayan.

Na ukun nan shi na riƙa juyawa a jirgi har muka wuce filin wasan Yankee. A wurinmu amarya tana can ƙuryar ɗaki cikin ƙawaye da lalle, waliyyinta ne yake bayarwa, wakilin ango ya karɓa, sanƙira ya ɗaga murya, a raba goro da alawa. Sau da yawa sai ta ji guɗa take sanin an ɗaura.

Na sami Alhaji bayan Magariba yana lissafin kuɗin ragon layya da za a yanka masa a wata gona a New Jersey. Na miƙa masa izinin, ya yi hamdala, ya sa mini albarka. Sai na ce, "Alhaji, saura magana ɗaya. Yarinyar nan sai ta zo wurin da kanta, ta yi magana."

Ya cire tabarau ya ajiye a kan takardar.

"A gaban maza?"

Daga kicin na ji Hajiya ta kashe famfo.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.