Ƙidayar da na yi sau biyu

Ranar da na dawo Garwa bayan wata shida a wani ɗakin bincike a Faransa, Kawu ya tare ni a zaure ya ce, "To ɗan nan, an ce kiwon ɓera ka je yi ƙasar Turawa. Mu da muke kashe su kyauta a rumbu?" Aka kwashe da dariya har da ni. Ban musa ba, kiwon ɓeran na yi.

Hajiya Kaka ce ta jefa ni wannan fanni na binciken cutar mantuwa ba tare da ta sani ba. Shekara uku ke nan tana kiran Inna da sunan ƙanwarta da ta rasu, tana cigiyar carbi alhali yana hannunta. A unguwa gigin tsufa ake cewa, wasu su ce iska ce. Likita kuwa ya ce alamun sun yi kama da cutar da Bajamushen nan Alois Alzheimer ya fara bayyanawa a 1906.

Ɓerayen da aka damƙa mini sunansu 5xFAD. A Amurka aka samar da su a 2006, aka dasa musu ƙwayoyin gado biyu na ɗan Adam masu ɗauke da tawaya biyar da ke jawo cutar a wasu zuri'o'i. Suna cika wata biyu sai wani furotin mai suna amiloyid ya fara dunƙulewa a ƙwaƙwalwarsu, abin da a jikin mutum yake ɗaukar shekaru masu yawa.

Aikina yankan ƙwaƙwalwa ne a cikin wata na'ura mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Ɗan Garwa, wanda ya saba da zafin watan Maris! Yatsuna har ƙagewa suke yi. Kowane yanki ya fi fatar albasa sirantaka, da burushin masu zane ake ɗaga shi, numfashi mai ƙarfi ma sai ya naɗe shi. Daga nan a rina shi don a ga maikurogiliya, wato ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune a cikin ƙwaƙwalwa. A lafiyayyen ɓera za ka gan su da siraran rassa kamar saiwar bishiya, kowace tana gadin unguwarta. A mai cutar kuwa sun janye rassan, sun kumbura, sun yi wa dunƙulen amiloyid zobe kamar tururuwa ta sami ƙwayar sukari. Ranar da na fara ganin haka a madubin ƙara girman ƙananan abubuwa, sai da na manta da abincin rana.

Na je da tunanin cewa su ne ɓarayin: suna fitar da sinadaran kumburi irin su IL-1β, don haka a kashe wutarsu a huta. Ashe maganar ta fi haka. A jikinsu akwai wani furotin, TREM2, da suke shinshino tarkace da shi. A 2013 aka gano cewa wata tawaya a cikinsa tana ninka haɗarin cutar kusan sau uku ga mutum, kuma ɓeran da ya rasa shi, maikurogiliyarsa ba sa kewaye dunƙulen yadda ya kamata, jijiyoyin kusa su fi shan wahala. Ke nan kariya suke yi. Amma a 2016 wata masaniyar ƙwaƙwalwa, Beth Stevens, da abokan aikinta sun nuna cewa wani furotin, C1q, yana yi wa mahaɗar jijiyoyi shaida, maikurogiliya kuma su bi su cinye mahaɗar, tun ma kafin dunƙulen ya bayyana. Mai shara ce da ta share datti ta haɗa da tabarma.

Kuskurena a wurin ƙidaya ya fito. Muna gwada wani magani mai rage kumburi, na yi mako uku ina ƙirga ƙwayoyin maikurogiliya, na ga bambanci ƙarara, na ruga wurin malamata baki har kunne. Tambaya ɗaya ta yi mini: "Wa ya rufe maka sunayen?" Babu. Ta sa wani abokin aiki ya liƙe kowane gilashi da lamba, na sake ƙirgawa ban san wanne ya sha magani ba. Bambancin ya narke saura kaɗan. Ba ƙarya na yi da gangan ba. Duk ƙwayar da nake kokwanto a kanta, idona yana tura ta ɓangaren da zuciyata ke so. Ɗan abin da ya rage kuma, da muka duba, rukunin da bai sha magani ba mata sun fi yawa a ciki, su kuwa matan 5xFAD sun fi maza tara amiloyid. Kunya ta hana ni barci a daren.

Da daddare Inna ta ja ni gefe ta ce, "Ka zo mata da maganin?" Na ce a'a, Inna. Ɓeran nan ba ya samun curin furotin tau da ke cikin ƙwaƙwalwar mutum mai cutar, kuma magunguna da dama da suka taimaki ɓera sun gaza a jikin mutane. Na roƙe ta kada ta biye wa masu cewa a riƙa ba tsohuwa ƙwayoyin ciwon jiki na kumburi kullum. An gwada irinsu ba su tsayar da cutar ba, ga ɓata ciki da ƙoda.

Da safe na shiga gaishe da Kaka. Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan wane gida ne?" Na faɗa mata. Ta ce to, idan zan fita in sayo mata goro fari.