Broome, garin da maɓallan riga suka gina

Daga Perth muka tashi, awa biyu da rabi a jirgi, muka sauka Broome a arewa maso yammacin Ostireliya. Ƙasar ja ce wur kamar marmarar gida, teku kuma shuɗi a gefenta.

Ana yi wa garin kirari da lu'ulu'u, amma a gidan tarihinsu za ka gane cewa ainihin arzikin a ɓawon ƙumbar teku yake. Da shi ake yin maɓallan riga kafin zuwan roba. An kafa garin a 1883, kuma zuwa wajen 1910 ƙananan jiragen ruwa kusan 400 ke fita neman wannan ƙumba. Da farko 'yan asalin ƙasar aka tilasta wa nutso, har da mata, ba kayan kariya. Daga baya aka kawo Japanawa da mutanen Malaya, suna shiga ruwa da hular tagulla da takalma masu nauyi, ana hura musu iska ta tiyo.

Maƙabartar Japanawa ce ta fi tsaya mini a rai. Mutum sama da 900 ke kwance a wurin. Wasu guguwa ta ci su, wasu ciwon da ke kama mai nutso idan ya taso daga zurfi da gaggawa. Na daɗe ina zagaya duwatsun kaburburan, ko da yake ba na iya karanta rubutun.

Da maɓallin roba ya shigo a shekarun 1950, kasuwa ta mutu. Abin da ya ceci garin shi ne kiwon ƙumba, wanda aka fara a Kuri Bay, wata gaɓar teku a arewa da Broome, a 1956: a dasa ƙwaya a cikinta, a mayar da ita ruwa, a jira shekara biyu ƙwayar ta zama lu'ulu'u. Shagunan unguwar Chinatown cike suke da sarƙoƙin lu'ulu'u. Na tambayi kuɗin ɗaya, na yi godiya na fita.

Yawancin baƙi Cable Beach suke nufa, rairayi mai tsawon kilomita 22, wanda ya samo suna daga wayar tangarahon da aka shimfiɗa zuwa tsibirin Java na Indonesiya a 1889. Da yamma Turawa ke layi suna biyan kuɗi don hawan raƙumi. Ni dai ban hau ba. Na wuce Sun Pictures, siliman da ke nuna fim a fili tun 1916, jiragen sama na wucewa ta samanmu ana tsakiyar kallo.