Baurin Goro a Shagon Inabi na Montpellier

A watana na biyu a shagon, uwar ɗakina ta jera kofuna uku a kan kanta, ta tsiyaya wa kowanne jan ruwan inabi kaɗan. Kwalaben ta riga ta zura su cikin baƙar safa don kada in ga takardar da ke jikinsu. Ta ce in ɗanɗana in faɗi abin da na ji. Na ɗauki na farko, na jujjuya, na sansana, na kurɓa, na tofar a bokitin da ake ajiyewa don haka. Daga nan na shiga zubo mata kalmomin da na haddace daga bayan kwalabe, wai ina jin ƙamshin cassis da framboise, wasu 'ya'yan itatuwa na Turai. Ta bari sai da na kai aya, sannan ta ce, "Yarona, ka taɓa cin cassis?" Ban taɓa ba, ko ganinsa ban taɓa yi ba sai a hoto. Ta ce, "To hadda ka kawo mini. Sake ɗauka."

Daga Maraɗi na tafi Montpellier, a kudancin Faransa, a 2018 karatun aikin gona, kuɗin tallafin kuwa ba ya kai ni ƙarshen wata, shi ya sa na nemi aikin yamma da na Asabar. Abin da muke sayarwa giya ce, ba zan sakaya ba. Ni Kirista ne, akasarin abokan tasowata Musulmi ne waɗanda addininsu ya haramta musu shanta da sayar da ita, kuma ko a ikilisiyarmu akwai dattawan da ba sa kusantarta. Ina girmama wannan, ban kuma ɗauki alƙalami don in kwaɗaita wa kowa ba. Amma a wannan shago na yi shekara uku, a nan kuma na koyi abin da aji bai koya mini ba.

Kofi na biyu ne ya buɗe mini ido. Ina kurɓa sai bakina ya ɗaure, dasashina ya bushe, harshe ya yi kaushi kamar an goge shi da tsumma. Na san wannan abu tun ina yaro. Na ce mata a garinmu akwai wani ɗan itace da ake kira kanya, idan ka yi gaggawa ka ci ɗanye haka yake yi wa baki, muna ce da shi bauri. A ƙarƙashin baurin kuma ina jin zoɓon da ba a sa wa sukari ba, da ɗan yamin tsamiya. Ba ta san kanya ba, ba ta san tsamiya ba, amma fuskarta ta saki. Ta zare safar, sai ga na yankin Corbières, na tsofaffin kuringar irin inabin da ake kira Carignan, Yuro takwas, wato jaka biyar da 'yan kai a kuɗin sefa.

Baurin nan shi Faransawa ke kira tanin. Daga fatar inabin da 'ya'yansa yake fitowa, domin ruwan yawancin baƙin inabi ba ja ba ne, sai an bar shi ya jiƙa tare da fatar kwana da kwanaki yake ɗaukar launi, ya kwaso baurin tare. Kalmar ma daga jima ta samo asali, daga ɓawon itacen da majeman Turai ke jeme fata da shi, aikin da bagaruwa ke yi wa majemanmu. Yadda yake kama fata haka yake kama yawun baki, shi ya sa baki ke bushewa, shi ya sa kuma nama mai kitse ke kwantar da shi. Ranar da na haɗa waɗannan a kaina na daina jin tsoron kwalaben.

Na sayi ƙaramin littafi na riƙa rubuta ɗanɗanon kowane irin inabi da Hausa. Grenache: ɗinya nunanniya, ɗan dabino, ɗumi a maƙogwaro saboda ƙarfinsa yakan kai kashi 14 ko 15 cikin ɗari. Syrah: masoro, da ɗan ƙauri irin na tukubar mai tsire. Mourvèdre: ƙamshin rumfar dukawa. Cinsault: mara nauyi, kamar zoɓon da ya sha sanyi. Kwalbar da marfin toshiyarta ya ɓata kuwa, warin ɗakin da aka kulle duk damina, ko kwalin da ruwa ya jiƙa. Idan mai saye ya zo sai in nemi abin da shi ya sani in kwatanta masa, amma ba na furta komai sai na fara samunsa a littafina.

Safar ma ba wasa ba ce. A 2001 wasu masu bincike a Bordeaux sun rina farin ruwan inabi da jan launi mara ƙamshi suka ba ɗalibai 54 masu karatun wannan fanni, ɗaliban suka yi ta siffanta shi da kalmomin ja. Idan launi kaɗai zai iya wannan, ina ga babban suna da farashi mai sifili? Duk safiyar Litinin muna rufe kwalaben da manoma da dillalai suka kawo, mu ɗanɗana, kowa ya rubuta nasa, sannan a buɗe. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na Yuro bakwai ya sha gaban na ashirin.

A bangon bayan kanta akwai tsohon hoton wani taron jama'a, kai ne birjik har ba ka ganin ƙasa. Hoton nan ne ya sa na fahimci dalilin da jan ruwan inabin Languedoc, yankin da Montpellier take, ke da araha. Yankin nan na bakin Bahar Rum ya fi kowane yanki na Faransa faɗin gonakin inabi. Da jirgin ƙasa ya iso a tsakiyar ƙarni na 19 sai manoma suka koma noman yawa, suna aika ganga-ganga ga ma'aikatan masana'antu da mahaƙa na arewa. Sai wani ƙwaro daga Amurka mai cin saiwa, phylloxera, ya bayyana a kudancin ƙasar wajen 1863 ya riƙa cinye gonaki. Wani malamin tsirrai na Montpellier, Jules-Émile Planchon, yana cikin waɗanda suka gano shi a 1868, kuma mutum-mutuminsa na nan a wani ɗan lambu kusa da tashar jirgi. Maganin da aka dace da shi abu ne da duk mai lambun mangwaro ya sani: aure. Aka ɗaura reshen inabin Turai a kan gindin na Amurka wanda ƙwaron ba ya kashewa, har yau kuma haka ake dasawa.

Da gonaki suka farfaɗo sai kaya suka yi wa kasuwa yawa. Ga na Aljeriya yana shigowa ta tashar Sète, ga 'yan algus suna haɗa na jabu da sukari da ruwa. Farashi ya faɗi warwas, manomi ya kasa biyan haraji. Wani manomi mai gidan shan kofi a ƙauyen Argeliers, Marcelin Albert, ya ja gaba, taro ya riƙa girma daga wannan gari zuwa wancan kowace Lahadi, har ranar 9 ga Yuni 1907 mutum fiye da rabin miliyan suka cika Montpellier. Kwanaki kaɗan bayan haka sojoji suka buɗe wuta a Narbonne, aka rasa rayuka. Kafin watan ya ƙare majalisa ta yi dokar hana tsarma ruwa da wuce gona da iri wajen zuba sukari. Abin da ya taɓa ni shi ne buƙatar tasu: a bar abin da ke cikin ganga ya zama abin da aka ce shi ne.

Sai dai sunan yankin ya riga ya ɓaci, an san shi da abin shan lebura. Gyaran ya ɗauki shekaru. An tumɓuke irin Aramon mai yawan ruwa a filaye, an koma tuddai masu duwatsu, an rage yabanya don 'ya'yan su yi ƙarfi. Fitou ya samu shaidar asalin yanki a 1948, Faugères da Saint-Chinian a 1982, Corbières da Minervois a 1985. Kayan sun gyaru tun tuni, amma kasuwa ba ta manta tsohon suna da wuri, don haka farashin bai bi ingancin ba. A ganina duk sirrin arahar ke nan, kuma mai ƙaramin aljihu ne ya ci riba.

Ba da shawara ya fi ɗanɗano wuya. Uwar ɗakina tambaya uku take yi: me za a ci, ku nawa ne, nawa ka ware. Ta ukun da murya ƙasa-ƙasa take yinta, don kada na bayansa ya ji. Wata Asabar wani saurayi ya shigo, za shi cin abinci gidan iyayen budurwarsa a karon farko, gasasshiyar kaza za a ci, ya ce Yuro goma gare shi. Ni kuwa a makon na ɗanɗana wani Pic Saint-Loup da ya burge ni, sai na yi ta koɗa shi har ya ji kunyar ƙi, ya biya ashirin da huɗu. Bayan ya fita ta ce, "Ka lura da hannunsa sa'ad da yake ƙirga kuɗin?" Na lura. Sai da ya haɗa da sulallan da ke aljihun wandonsa. Ta ƙara da cewa kwalbar ba ta ma isa sha ba, tana buƙatar shekara uku a ajiye, baurinta zai danne kazar. Ta ɗauko wata ta Cinsault da Grenache ta Yuro takwas ta ajiye a gabana, ta ce da wannan ya sa a firji rabin awa da ya fita kunya, ya kuma rage kuɗin fure. Saurayin bai sake dawowa ba. Har yau idan na tuna sulallan nan raina yakan ɓaci, domin abin da nake so na sayar masa, ban saurari abin da ya zo nema ba.

Daga ranar na kama tukunyar mutum na bi. Mai cassoulet, wato dafaffen wake da nama na Castelnaudary, in miƙa masa Corbières ko Fitou, kitsen zai lallashi baurin. Mai gasa naman rago a gawayi, Faugères, wanda ke fitowa daga ƙasa mai faifan dutse da ke ɓarewa a hannu. Da bazara, Cinsault mai ɗan sanyi. 'Yan uwanmu na Afirka ta Yamma masu miyar gyaɗa da barkono kuwa, nakan hana su mai nauyi ko da sun zo da kuɗinsa, don bauri da ƙarfin giya suna ƙara wa yaji wuta. Nakan gaya wa mutane kada nauyin kwalba ko tambarin lambar yabo ya ruɗe su, kada kuma su raina na ƙungiyoyin manoma. A Maraussan kusa da Béziers ƙananan manoma suka haɗa kai tun 1901, kuma har yau irin waɗannan ƙungiyoyi ne ke riƙe da ƙauyuka da yawa.

Akwai shawarar da ba ta cikin kwalba. Wani dattijo yakan zo da jarkarsa a tsiyaya masa daga tanki, da farko sau ɗaya a mako, daga baya kusan kullum, hannunsa yana rawa. Uwar ɗakina ta hana ni nuna masa sabon kaya ko gaya masa an yi rangwame. Takan zaunar da shi ta ba shi kofi, ta tambayi 'yarsa. Wata rana na ji ta ce masa yau ba za ta zuba ba, ya tafi ya ga likita. Ya yi fushi, amma ba ta sauya magana ba.

Ranar 28 ga Yuni 2019 zafi ya kai digiri 46 a Vérargues, gabas da Montpellier, abin da ba a taɓa aunawa a Faransa ba. Ni da na saba da zafin Afrilu na Maraɗi ban ɗauke shi komai ba, sai da muka je gonar wani manomin da muke saye a wurinsa. Ganye ya ƙone kamar an bi shi da wutar kara, nonnan inabin da ke fuskantar rana sun yamushe sun koma ruwan ƙasa tun ba su nuna ba. Mutumin ya tsinko guda ya murza a tafinsa, ya zama gari. A Afrilun 2021 kuma sanyi ya sauka cikin dare bayan kuringa ta yi toho, manoma suka kwana suna hura wuta tsakanin kunyoyi. Bayan kowace masifa manomin namu ya ƙara rabin Yuro a kwalba, uwar ɗakina ta biya ba tare da tayi ba, mu kuma muka riƙa yi wa masu saye bayani ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan idan na ce wa mutum wannan mai araha ce, nakan faɗi sunan ƙauyen da irin shekarar da suka gani.

Ana saura mako in bar aikin na shiga unguwar Figuerolles, wajen masu kayan Afirka, na nemi kanya ban samu ba, sai na sayo jan goro guda biyu. Bayan mun rufe shago na ɓare ɗaya na miƙa mata ɓari. Ta gutsura, ta tauna a hankali, ta yamutsa fuska, amma ba ta tofar ba. Na ce ta kora da ruwa. Ta kurɓa, ta yi shiru tana jin zaƙin da ke biyo bayan ɗacin. Sai ta miƙe ta nufi kantar baya, ta dawo da kwalbar Carignan irin wadda ta rufe mini da safa shekara uku da suka wuce, ta ce in maimaita mata kalmar. Na ce bauri. Ta ɗauki alli ta rubuta a ƙaramin allon da ke ƙarƙashin kwalbar, kusa da farashin.