Kujerar da ke kan fuffuke

Yau a jirgin Legas zuwa Kano kujerata ta faɗo daidai kan fuffuke. Mun fara gangarowa ke nan sai bayan fuffuken ya zazzago, ya lanƙwashe ƙasa da wata irin ƙara. Hajiyar da ke gefena ta damƙe hannun kujera: "Ɗana, ba ɓallewa yake yi ba kuwa?" Na ce, "A'a Hajiya, matuƙi ne ya buɗe shi."

Fuffuke tunkuɗa iska yake yi ƙasa, ita kuma ta tura shi sama, ga matsin iskar samansa bai kai na ƙasansa ba. Sai dai duk abin ya dogara da gudu. In gudun ya ragu da rabi, ɗagawar takan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Jirgin da ya wuce kilomita 800 a awa can sama, da wajen 250 zai taɓa ƙasa, shi ya sa ake ƙara wa fuffuken faɗi da lanƙwasa. Wallahi abin ya ratsa ni: mu sama da ɗari da kayanmu, iskar da muke shaƙa ce ta riƙe mu. Ina so a nuna wa yaranmu wannan tun daga firamare.