Ƙannena masu shirin fim ɗin fargaba a lakwal, ga inda munka yi tuntuɓe

Shekaran jiya da marece ina zaune a fada, wasu yara ukku ƴan lise sunka zo sunka gaishe ni, sunka ce yaya an ce kai ke montaj, wato yanka da haɗa hotuna, na bidiyon biki, mushenmu ya ba mu aiki mu yi ɗan gajeren fim mai sa gaba faɗuwa, minti 5 zuwa 7, muna so ka ara muna kamara. Na ce to ina labarin? Sunka dubi juna, guda ya ce labarin yana kanmu yaya, kamara kawai ta rage. Wallahi sai jikina ya yi sanyi, don maganar nan ita na faɗa da bakina lokacin muna ajin kusa da na ƙarshe, kuma ita ta ja muna duk wahalar da munka sha. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko wasu sa tsira.

Mu shida ne a rukuninmu, mushen faransanci ya ba mu sati ukku. Tun ranar farko ba mu da zance sai na waya, wa ke da wadda ta fi kamara, wa zai aro ta yayanshi. Labari kuwa kowa ya zuba nashi, wannan ya ce a sa aljani, wancan ya ce a sa ɓarayin mutane, yarinyar da ke cikinmu ta ce sai an sa kishiya, har da mai cewa a yi waƙa kamar finafinan Kano da munka tashi muna kallo. Munka amshe duka don kada ran wani ya ɓaci, kuma ba mu rubuta ko layi guda ba. Ranar ɗauka munka tsaya cikin ranar watan Afirilu, kun dai san zafin Maradi a lokacin, ya haura 40, muna gardama a kan wa zai fara magana har wayar ta ɗau zafi ta rufe kamara da kanta. Munka koma gida ba mu da ko minti guda mai amfani.

Ku sayi kaye guda ku rubuta labarin, ku rubuta wa ya ce mi, ina ya tsaya, mi ke hannunshi. Masu sana'ar ga suna da wani ma'auni, shafi guda na rubutun fim kusan minti guda ne a allo, ke nan fim ɗin minti 5 shafi 5 ne ko kusa da haka. Shafi 5 ba ya ɗaukar aljani da kishiya da ƴan bindiga. Mutum biyu ko ukku, wuri guda, matsala guda, ya isa. Kuma kowane ɗauki ku zana shi ko da zanen ƴan sanduna ne, nan fuska kusa, nan ƙofa daga nesa, don ranar aiki ba a tsaya ana tunani ba.

Abin da ban gane ba sai daga baya shi ne mene ne ma fargabar. Mu a zatonmu sai an ga jini da fuska mai ban tsoro, har munka kashe jaka biyu wajen jan kala da wani abin rufe fuska na roba. Ku ɗauki misalin kunama. In mutum ya zura ƙafa a takalmi kunama ta harbe shi ya yi ihu, mai kallo zai zabura na daƙiƙa biyu shi ke nan ya wuce. Amma in kunka fara nuna kunamar tana shiga takalmin, sannan mai takalmin ya fito daga wanka yana shafa mai yana hira da ƙanwarshi, ya ɗauki takalmin ya aje ya amsa waya, ya sake ɗauka, to mai kallo ba zai iya zama daidai ba, zai riƙa cewa kai duba takalminka mana. Mai kallo ya san abin da ɗan wasa bai sani ba, ku kuma kuna ja mashi rai. Fargabar ke nan, kuma ba ta cin ko dala.

Kuskuren da har yau in na tuna nake jin nauyi shi ne na daren nan. Munka shirya wurin da za a sace yarinyar, bayan isha'i, a wani lungu na unguwarmu, ba mu gaya wa kowa ba, ba mai unguwa ba maƙwabta ba, ko mahaifiyar yarinyar ce mata anka yi za a yi bitar darasi. Abokinmu ya sa abin rufe fuskar ya riƙe mata hannu, ita kuma ta ƙwalla ihu da iya ƙarfinta wayyo Allah jama'a ku taimake ni. Kafin mu ce kwabo ƙyaure ya fara buɗewa ta ko'ina, maza sunka fito da sanduna da tocila, wani har da taɓarya, kuma ba su da laifi ko kaɗan, kowa ya san abin da mutanen ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji ke gani na satar mutane, ba abin wasa ba ne a jihar ga. Allah ya taimake mu wani dattijo ya gane ni a hasken tocila, ya shiga tsakani yana cewa ku dakata ɗan gidan wane ne. Abokinmu yana durƙushe ya tuɓe robar yana rawar jiki. Dattijon ya dube ni ya ce ɗana, da an fasa kan yaron ga mi za ka gaya wa uwarshi? Na ce Baba ku yi haƙuri aikin lakwal ne. Ya ce aikin lakwal shi ya hana ku sallama? Ban iya ɗaga kai ba. Washegari mahaifiyar yarinyar ta hana ta sake fitowa, kuma gaskiyarta, mu munka yi mata ƙarya.

Don Allah ƙannena ku amshi takarda daga lakwal mai sa hannun mushe ko diraktan, ku kai wa mai unguwa, ku bi gidajen da ke kusa ku yi sallama ku yi bayani. In akwai ɗiya mace a cikinku ku je gidansu da rana tsaka ku gaya wa iyayenta gaskiya, wace rana, wane wuri, ƙarfe nawa za ta dawo, in da hali yayanta ya rako ta. Bindigar wasa da adda da ihun ɓarawo ku bar su kwata-kwata a waje. Wanda bai yarda ba kuma kada ku ɗauki fuskarshi.

Abin takaici ma, abin da munka ɗauka a daren bai yi amfani ba. Waya ba ta gani a duhu, hoton sai ya fito da tsaki-tsaki kamar an watsa mashi rairayi. Duhun da kuke gani a fim da haske ake yin shi, fitila guda daga gefe ta haska rabin fuska a bar rabin a inuwa. Fitilar sharji ta isa, a sa farin kwali ko farin zane ta ɗaya gefen ya ɗan maido hasken. In waje ne akwai ɗan lokacin nan da rana ta faɗi gari bai gama duhu ba, amma a nan ƙasarmu gajere ne ƙwarai, bai fi minti 20 zuwa 30 ba kuma ga magariba, don haka ni na fi son na bayan asuba, gari shiru, kabu-kabu ba su fara yawo ba. Wayar a kwance za ku riƙe ta ba a tsaye ba, ku danna allon ku riƙe har haske da saiti su kulle, ku sa ta a yanayin jirgi don kada kira ya katse muku ɗauka.

Sai murya, nan ne munka fi shan kashi. Mutane suna haƙuri da hoto maras kyau, amma in ba su ji abin da ake faɗa sai su fara hirarsu. Mun je gulbin Maradi da rani ya ƙafe, wurin ya yi kyau a ido, rairayi fari tas, munka tsaya nesa da waya guda muna ɗauka. Da munka dawo munka kunna babu abin da ake ji sai iska buuu, bakin ɗan wasa na motsi kamar kifi. Cikin gari kuma ga injin niƙa, ga gurup ɗin mai shago in an ɗauke wuta, ga awaki, duk abin da kunnenku ya saba da shi har ya daina ji, waya tana jin shi sarai. Dabarar mai sauƙi ce, waya ta biyu a aljihun gaban rigar mai magana tana naɗar murya kaɗai, a sa mata safa a baki in akwai iska, kafin a fara kuma wani ya tafa hannu sau guda a gaban kamara, wurin montaj sai ku daidaita ƙarar tafin ta wayoyin biyu, baki da murya su hau daidai. Kafin ku bar kowane wuri kowa ya yi tsit ku naɗi minti guda na shirun wurin, da shi za ku cike gurbi in kunka yanka, in ba haka ba kunne zai ji tsalle. Kuma kafin a ce a fara, ku rufe ido ku saurara. In an fara kiran salla a tsaya.

Akwai ƙanana da sunka ba mu kunya. Mun ɗauki rabin wani wuri ran Laraba munka ƙarasa ran Asabar, ashe jarumin namu ya yi aski ran Juma'a, ya shiga ɗaki da suma ya fito kai tas. Ku ɗauki hoton kowa da kayanshi kullum. Sannan in mutum biyu na magana ku ɗauka akwai zare tsakaninsu, kamara ta zauna ɓangare guda na zaren, in kunka tsallaka sai a ga kamar duka biyun gefe guda suke kallo.

Montaj munka bar shi sai saura kwana biyu, muna ganin ai jera bidiyo ne kawai. Minti guda na bidiyo mai kyan hoto, wato 1080p, yana cin fiye da mega 100 a yawancin wayoyi, wayar abokinmu ta cika, ƙanenshi ya ɗauka yana neman wurin wasa ya goge bidiyo guda tara, ba mu da su a ko'ina. Duk ranar da kunka ɗauka ku kwashe a wuri biyu, kati da wata waya ko kwamfuta, ku ba kowane suna. In za ku tura ta WhatsApp ku tura a matsayin dokima, don in an tura shi a bidiyo ana matse shi ya rage kyau. Manhajojin montaj na waya irin CapCut ko KineMaster duk suna aiki, amma ku ba montaj sati guda cur, kuma ku kame hannu daga walƙiya da juye-juyen hoton nan. Ni na zauna dare biyu ina cusa kiɗan tsoro tun daga farko har ƙarshe, ban san kunne na gajiya ba.

Ranar nunawa anka rufe tagogin aji da zannuwa. Da mai abin rufe fuska ya bayyana ajin ya fashe da dariya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don mun wahala a kanshi. Amma akwai wani wuri da munka ƙara a ƙurarren lokaci don cike gurbin waɗanda anka goge, Baba mai gadin lakwal ya yarda ya taimake mu. Yaro ya laɓe a ofis bayan an tashi yana laluben takardar jarrabawa, mai gadi ya kama hanyar gida, ya kai bakin ƙofa ya taɓa aljihu ya tuna ya manta rediyonshi, ya juyo. Babu kiɗa a wurin don lokaci ya ƙure mani, sai ƙarar silifas ɗinshi da makullai na kaɗawa, mu yanka zuwa yaron yana buɗe durowa, mu koma kan ƙafar Baba, mu koma kan yaron. Ajin ya yi tsit, wata daga baya ta ce kai fita mana da ƙarfi. Bai kai minti guda da rabi ba. Da anka kunna fitila mushe ya ce wannan wurin shi ne fim ɗinku, sauran duk gaggawa ce. Ya ce kada mu raina kanmu don muna aiki da waya, ya tuna muna cewa Umaru Ganda ɗan ƙasar ga ne, shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972, Mustafa Alasan kuma da ƴan kayan da hannunshi ya kai ya fara fim ɗin zane tun shekarun 1960.

Yaran nan ukku ban ba su kamara ba tukuna. Na aiki guda shagon kusa ya sayo kaye da bik, na ce su je su rubuta shafi biyar, mutum ukku wuri guda, su amso takardar mushensu, su dawo ran Asabar bayan la'asar mu karanta tare. Ƙaramin cikinsu ya tsaya ya ce yaya to in mun sa kunamar fa? Na ce ku nemi taku, amma in kun rasa ku sa, sai dai ta roba, kada wanda ya je ya kamo mai rai.